Minti Takwas na Uwar Doka

Mahaifiyata, Wanda Kubiak, direbar motar makaranta ce a Tuckers Ferry, can kudu maso gabashin Ohio. Shekararta goma sha tara a kan wannan aiki, kuma a gareji ba mai kiranta da sunanta. Uwar Doka suke ce mata. Na girma ina jin kunyar wannan suna. Watanni biyu ke nan da na daina.

An haife ta a layin da ke bayan masana'antar gilashi, inda babanta ya ƙare ƙarfinsa har ranar da aka rufe ƙofa. Tana gama sakandare ta kama aikin kai abinci a wani gidan cin abinci na bakin titi, ta yi shekara ashirin tana ɗaukar faranti ba ta da inshorar lafiya. Babana ya tafi Texas neman aiki ina da shekara uku. Ya aiko da kati sau biyu, daga nan shiru. Ina shekara huɗu na faɗo daga lilo na karye a hannu, kuma abin da asibiti ya nema a kan wannan karayar ya sa Mama ta sayar da motarta. A makon da aka cire mini filasta ta ga sanarwa a bangon coci: ana neman direbobin motar makaranta, akwai inshora har da iyali. A lokacin ba ta taɓa tuƙa abin da ya fi ƙaramar mota ba. Ta je ta koya.

Ranar da ta fara aiki aka ba ta littafin dokokin tuƙi da kuma yarjejeniyar ƙungiyar direbobi. Sauran mutane sukan jefa nasu a aljihun tebur. Ita ta naɗe nata a ledar burodi ta sa a jaka, suna nan har yau, duk gefensu ya yi baƙi. Kullum da asuba takan zagaya motarta da tocila da ɗan kulki, ta bubbuga kowace taya, ta gwada kowace fitila, ta buɗe ƙofar baya ta rufe. Ko ƙanƙara ce ke zuba, haka za ta yi.

Amma abin da ya ba ta sunan shi ne layin dogo. Doka ta ce motar makaranta ta tsaya cak a duk inda layin jirgi ya ratsa hanya, direba ya buɗe ƙofa, ya kashe rediyo da fanka, ya saurara, sannan ya wuce. To, akwai wani layi da ke zuwa tsohuwar ma'adinar kwal. Tun kafin in gama firamare jirgi bai sake binsa ba. Ciyawa ta rufe shi, har itatuwa sun tsiro a tsakanin ƙarafan. Sai dai hukuma ba ta taɓa zuwa ta kafa allon da ke nuna layin ya mutu ba. Sauran direbobi sukan ɗan rage gudu su wuce abinsu. Mama kuwa sai ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta ɗaga hannu yara hamsin su yi tsit, ta kasa kunne tana sauraron jirgin da kowa ya san ba zai zo ba. Ina cikin yaran nan shekara da shekaru. Nakan nutse a kujera in rufe fuska da jaka.

Akwai wani tsohon direba, Delbert Yoho, wanda ya riga ta shiga aikin da shekara goma sha biyu. Ba safiyar da za ta shiga gareji bai tare ta da tambaya ɗaya ba.

"Uwar Doka, ranki ya daɗe! Jirgin nan ya iso jiya?"

"Yana hanya, tsoho. An ce shi ne zai kawo maka haƙoranka."

Delbert ya yi dariya har dasashinsa ya fito, ita kuma ta wuce ta zuba kofi kamar ba ta ce komai ba. Haka suke tun ina ƙarama.

Ni ce ta farko a danginmu da ta gama jami'a. Ranar bikin, a watan Mayun bara, Mama ta zo da tukunyar pierogi, wato ƙulle-ƙullen fulawa masu cike da dankali, a bayan mota, ta ciyar da duk wanda ya tsaya kusa da mu, har da mai gadin filin ajiye motoci. Na dawo gida da takardata ina neman aiki. Na rubuta wa wurare fiye da sittin. Abin da na samu shi ne aikin awa ashirin a mako a wani kanti, wanda ba ya zuwa da inshora.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai san a watan Nuwamba na daina amsa waya. Wanke gashi ya zame mini aikin da sai na yi kwana uku ina shirinsa. Nakan tsaya gaban firiji in rasa abin da ya kawo ni, sai in zauna a ƙasa. Ba kuka nake yi ba, da ma kukan ne. Komai ne ya dushe, abinci ba ɗanɗano, kuma na yarda har cikin raina cewa Mama za ta fi samun sauƙi in ba ni. A watan Fabrairu na faɗa mata wannan maganar da bakina. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauko rigar sanyina ta sa mini hannu ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar firamare, ta kai ni asibiti. Kwana tara na yi. Likitoci suka ce ciwon damuwa ne mai tsanani.

Inshorar Mama ce ta ɗauki nauyin, domin doka ta yarda in zauna a ƙarƙashinta har in kai shekara ashirin da shida. Magani na farko bai yi ba. Na biyu ya sa hannuna karkarwa har ban iya riƙe cokali. Na uku, tare da likitar da nake gani duk ranar Alhamis, shi ne ya fara dawo da ni. A watan Yuni na ji ƙanshin ciyawar da maƙwabcinmu ya yanke, na tsaya a bakin taga ina mamakin ashe hancina yana aiki.

Tun ina asibiti na sa Mama ta yi mini alkawari cewa ba za ta gaya wa kowa ba. Garinmu ƙarami ne. In ka yi atishawa a gidan mai, kafin ka isa gida an yi maka sannu a coci. Ba na so a riƙa kallona a kanti ana cewa ga 'yar Wanda mai digiri da ta taɓu. Ta ce ta ji. In aka tambaye ta a gareji ina nake, sai ta ce, "Tess tana gida," don ba ta iya ƙarya ba, kuma ba ta ƙara ko kalma.

Sai Agusta ta zo. A wurin aikin Mama, direba ba ya samun inshora sai hanyarsa ta kai awa talatin a mako. Duk shekara kafin a buɗe makarantu akan manna jerin hanyoyi a bango, kowace da awanninta, direbobi su zaɓa ɗaya bayan ɗaya bisa daɗewa a aiki. In ka zaɓa, ka zaɓa ke nan sai wata shekara. A bana aka kawo sabon shugaban sufuri, wani saurayi mai suna Craig Lindahl, aka ba shi kwamfuta da umarnin ya rage kashe kuɗi. Kwamfutar ta sake zana hanyoyin duka. Da aka manna takarda, hanyoyi biyar ne kawai suka kai awa talatin. Mama ita ce ta shida a jerin daɗewa.

Delbert shi ne na biyu. Shekararsa sittin da takwas, yana da inshorar gwamnati ta tsofaffi, ba ya bukatar ta makaranta ko kaɗan. Amma shekara ashirin yana ɗaukar Hanya ta Huɗu, kuma kowa ya san ita zai sake ɗauka, don ya saba da ita kamar takalminsa.

Ana gobe zaɓe, muna cin abincin yamma, Mama ta ajiye cokali.

"Tess, ki ba ni izini in yi magana da Delbert. Shi kaɗai. In ya san dalili zai bar mini."

"Mama, kin yi alkawari."

"Na yi. Shi ya sa nake tambayarki."

"Delbert? Mutumin da ba ya iya riƙe magana daga ƙofar gareji zuwa motarsa? Gara in mutu."

Na ga yadda kalmar ta same ta, amma ban janye ba. Na tashi na bar abincin. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Wannan shi ne abin da har yanzu yake hana ni sakewa in na tuna.

Washegari hanyoyi biyar ɗin suka tafi kamar yadda kowa ya zata. Da aka zo kanta, abokan aikinta suka ce tunda inshora ta riga ta kuɓuce, ta ɗauki gajeriyar hanyar cikin gari ta huta wa gwiwarta, don ta daɗe tana fama da ita. Mama ta sa hannu a kan Hanya ta Sha Ɗaya, wadda ba mai so: duwatsu, kwana-kwana, da layin dogo da take ratsawa sau goma sha biyu a rana, takwas daga ciki a kan mataccen layin nan. Kwamfuta ta ba hanyar awa ashirin da tara da minti ashirin a mako. Saura minti arba'in. Wato minti takwas a kowace rana.

Tana sa hannu ta zaro ledar burodinta, ta buɗe yarjejeniyar, ta karanta wa Craig wani sakin layi a gaban kowa: direba yana da ikon neman a sake auna lokacin hanyarsa sau ɗaya, shugaba ya shiga motar da agogo ya bi shi yini guda. An ce Craig ya karɓi littafin ya karanta da kansa har sau biyu. Ba wanda ya taɓa amfani da wannan doka. Shugaban ƙungiyarsu ma bai san da ita ba.

Aka sa ranar Talata ta uku a watan Satumba. Inshorarmu za ta ƙare ran talatin ga wata.

A makonnin nan na buga waya ko'ina. Akwai tsarin gwamnati da zai karɓe ni, amma likitata ba ta aiki da shi, asibitin gunduma kuma ya ce layin masu jira wata biyar ne. Maganin ma sai an sake neman amincewa daga farko, kuma suna iya cewa in koma na farkon da bai yi ba tukuna. Na san abin da wata biyar ba likita ke nufi a wurina. Mama ma ta sani. Na riƙa zazzage ƙwayoyina a kan gado ina ƙirgawa, in mayar, in sake zazzagewa.

Ranar Talatar na tashi tare da ita ƙarfe biyar. Tana ɗaure takalmi na tsaya a kanta.

"Mama, yau ki ɗan rage gudu. Kaɗan kawai. A kan dutse, ba wanda zai gane."

"Zan yi tuƙi yadda nake yi kullum."

"Minti takwas ne fa! Ki ɗan daɗe a kowace tsayawa, shi ke nan an gama."

"Teresa." In ta kira cikakken sunana, to an zo wurin. "Mintocin nan suna nan. Ina yin su kullum, ba a dai ƙirga su ba ne. In na sato ko ɗaya yaron nan ya gane, ya soke awon duka, kuma ba direban da za a sake yarda da maganarsa a garejin nan."

"To in ba su kai ba fa?"

"Sai mu san abin yi."

"Dokarki ta fi miki ni ke nan."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ɗauki fulas ɗinta da jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Ki sha maganinki da abinci, ba da kofi kaɗai ba," ta fita.

Na kasa zama a gida. Da tsakar rana, lokacin da direbobi ke hutawa tsakanin zagayen safe da na yamma, na ɗumama ragowar pierogi na kai gareji, wai na kawo mata abinci. Rabona da wurin fiye da shekara. Mama tana ofis tare da Craig. Delbert na samu a kan benci yana shan kofi.

"A'a! 'Yar Wanda! Ashe kina duniya? Mun ɗauka digirin ne ya yi miki nauyi kika kasa fitowa."

"Ina wuni, Mista Yoho. Yaya aka yi da safe?"

"Awa biyu da minti hamsin da takwas. Minti biyu kawai ta ƙara a kan na kwamfuta. Gidaje biyu yaransu ba su fito ba, mura. Maimakon ta tsaya ta ɗan jira, sai ta duba ta ga ba kowa ta wuce, wai haka doka ta ce." Ya girgiza kai. "Ni abin da ban gane ba, me take nema da inshorar nan haka? Matar da ko ciwon kai ba ta yi sai gwiwa. Na tambaye ta, ta ce in kula da haƙorana."

 Na ajiye tukunyar a kan benci. Ban shirya faɗa ba. Na ji bakina yana cewa, "Ni ce. Saboda ni ne." Na gaya masa Fabrairu, da kwana tara, da ranakun Alhamis, da alkawarin da na sa ta yi. Ina magana ina kallon takalminsa.

Delbert ya cire hularsa ya riƙe a cinya. 

"Ana gobe zaɓe ta san wannan?"

"Ta nemi in bar ta ta gaya maka. Na hana."

"Kai, kai, kai." Ya share fuska da tafin hannu. "'Yata, da kalma ɗaya na ji, ko hanyar bola aka ba ni zan ɗauka. Matata ta yi shekara shida da irin wannan ciwo. A lokacin ko sunansa ba mu sani ba, cewa muke ta cika kwanciya."

Ya miƙe ya nufi ofis, na suri tukunyar ina biye da shi ina roƙonsa kada ya faɗa. Bai faɗa ba. Ya tura ƙofa ya ce, "Craig, bayana ya gaji da Hanya ta Huɗu. Ka ba Wanda, ni ka ba ni tata."

Kafin Craig ya buɗe baki Mama ta ce, "Shafi na goma sha huɗu. Ba musaya bayan zaɓe."

"Ke wa ya tambaye ki? Da shugaba nake magana!"

"Shugaban ma shafin zai karanta maka."

"Allah ya shirye ki, Wanda. Ana miƙo miki, kina karanta wa mutane shafi." Ya rage murya, kamar Craig ba ya wurin. "To bari in ajiye motata a bakin ƙofa da yamma in ce ta mutu. Minti biyar kina jira."

"Ka yi, in kai ƙararka da hannuna."

Craig ya dube su ya ce, "Ina jin ku fa." Mama ta dubi Delbert, ta dube ni, ta dubi tukunyar da ke hannuna. Na san ta gane. Sai ta ce, "Kin sa albasa?"

Zagayen yamma ya fara. Tana bukatar awa uku da minti biyu. Na zauna a bencin nan ina kallon agogon bango har motoci suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. A ka'ida kowa yana ajiye mota yake kama hanyar gida, amma ranar ba wanda ya tafi. Ba su san labarina ba. Sun dai san Uwar Doka ta ja da kwamfuta, suna so su ga ƙarshe. Delbert ya zo ya tsaya kusa da ni, yana ta murɗa hula.

Motarta ta shigo ta ƙofa a hankali yadda take shigowa kullum, ta juya, ta daidaita a gurbinta, ta ja birki, ta kashe inji, ta buɗe ƙofa. Craig yana kujerar farko. Na gan shi ya danna wayarsa ya miƙe.

"Awa biyar da minti hamsin da bakwai duka-duka, Misis Kubiak. Saura uku. Ki yi haƙuri, da gaske ban so haka ba."

 Delbert ya riƙe mini gwiwar hannu.

Sai na ji muryar Mama. "Wa ya ce maka na gama?"

"Kin kashe mota."

"Mota ta gama, ni ban gama ba. Da safe a makaranta me ka ga na yi bayan yara sun sauka?"

"Kin duba kujeru."

"To yanzu wa zai duba? Kai? Shafi na tara: direba ba ya barin mota sai ya duba kan kowace kujera da ƙarƙashinta, ko an bar yaro yana barci. Kunna agogonka, ɗana."

Craig ya tsaya jim. Ya leƙo ta ƙofa ya dubi direbobin da suka taru. "Ku gaya mini gaskiya. Haka take yi kullum, ko yau ne?"

Wurin ya kaure da dariya. Wata ta ce, "Kullum! Har ranar da mota ta dawo ba ta ɗauki kowa ba!" Wani ya ce mu muna tafiya ne mu waiwaya, ita rarrafe take yi. Delbert ya ce, "Yaro, shekara goma sha tara ina isa gida in ci abinci matar nan tana nan tana gaisawa da cingam ɗin ƙarƙashin kujera."

Craig ya danna wayar.

Daga inda nake ba na ganin komai sai tagogi. Kan Mama ya bayyana a ta farko, furfurarta a ɗaure, sai ya nutse. Ya ɗago, ya juya ɗaya gefen, ya sake nutsewa. Ya bayyana a taga ta biyu. Kowace nutsewa durƙuso ce a kan gwiwar da likita ya ce a yi wa aiki tun shekara uku da suka wuce. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ja lokaci ba. Na san wannan tafiyar. Na sha zama a kujerar gaba ina ƙarama, yunwa na cina, ina cewa Mama don Allah mu tafi, ba kowa. A shekara goma sha tara sau ɗaya ta taɓa samun yaro. Taga ta bakwai, ta takwas. A ta goma ta daɗe ba ta ɗago ba, sai na ga hannunta ya kama bayan kujera, ta ja jikinta sama. Ba mai dariya kuma a garejin.

Ta kai ƙarshe, ta danna maɓallin da ke bayan mota mai shaida an duba, ta rataya allon da ke nuna ba kowa a ciki, ta dawo gaba tana ɗingishi. A hannunta akwai safar hannu ɗaya da rabin tuffa.

"Yanzu na gama."

Craig ya dubi wayarsa. "Awa shida da minti ɗaya." Ya zauna a matakalar mota ya cike takardar a kan cinyarsa: awa talatin da minti biyar a mako. Ya sa hannu, ya miƙa mata. Ta karanta tun daga sama har ƙasa kafin ta sa nata, ta kuma nuna masa ya manta kwanan wata.

Direbobi suka yi ta tafi da buga jikin mota. Mama ta ce su daina, za su lotsa mata ƙarfe. Ta juya ga Craig ta ce gobe in zai sake shiga motarta kada ya zo da kofi, an hana.

Ni na tuƙa mu zuwa gida, don gwiwar ta kumbura.  Ina ta shirya yadda zan ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa da asuba, kalmomin suka ƙi haɗuwa.

"Ke kika gaya wa Delbert," in ji ta.

"Ni ce."

"Da bakinki."

"Eh."

Ta gyaɗa kai tana kallon hanya. Can ta ce, "Alhamis ƙarfe nawa ne?"

"Biyu."

"To ki sa mai tun gobe, kada ki tsaya sai ranar."

Ban warke ba, kada a ɗauka haka. Akwai ranakun da har yanzu nake zama a ƙasa gaban firiji. Amma na je ranar Alhamis ɗin, na je ta bayanta, kuma kwalbar maganina a cike take. Shekarata ashirin da uku, ina neman aiki mai inshorar kansa, Mama kuma an sa mata ranar aikin gwiwa a hutun Kirsimeti. Bayan nata awon, direbobi biyu sun nemi a auna tasu hanyar. Ɗaya ta samu. Ɗayan ya manta ya tsallake mataccen layin bai tsaya ba, ga Craig a zaune a bayansa, aka ba shi takardar gargaɗi. Delbert bai gaya wa kowa labarina ba, mutumin da na ce ba ya iya riƙe magana. Ya dai sanar da duk gareji tun yanzu cewa Agusta mai zuwa ba ya son Hanya ta Huɗu, wai yaranta ba su da tarbiyya.

Washegarin awon, Mama ta shiga gareji da asuba, Delbert ya ce mata ina kwana kawai, ya miƙa mata kofi. Ta karɓa ta tsaya tana jira. 

"Kai tsoho, lafiyarka kuwa? Ba ka tambayi jirgi ba."

Delbert ya sosa ƙeya. "To, ya iso?"

"Yana hanya," in ji Mama, ta ɗauki tocilarta da kulkinta ta fita duba tayoyi.